Idan scholarLY Ya Ƙi Aiki a LilyPond

LilyPond shirin kwamfuta ne na rubuta notocin kiɗa, scholarLY kuma ƙari ne a kansa na sa bayanan edita cikin kiɗan. Masu rubuta kiɗa a Nima da Sabon Zongo na Accra, in scholarLY ya ƙi aiki ku fara da buga `lilypond --version` don ganin sigar da kuke da ita. Daga 2.24 LilyPond ya koma Guile 2.2 (Guile shi ne mai karanta yaren Scheme a cikin LilyPond), shi ya sa tsoffin fayilolin zamanin Guile 1.8 sukan tsaya cak. Ku sauko da sabon oll-core (tushen da scholarLY ke dogara a kai) da scholarLY tare.

In LilyPond ya ce "cannot find file", hanya ce ta ɓace. Ku ba `-I` (zaɓin da ke nuna wa LilyPond inda zai nemi fayiloli) babbar foldar da oll-core ke zaune cikinta, kada ku ba shi oll-core ɗin kansa. Nan aka fi tuntuɓe.

Sannan layin `\include "oll-core/package.ily"` ya zo kafin a kira scholarLY.

Har yanzu shiru? Ku rage fayil zuwa nota ɗaya da `\criticalRemark` (umarnin scholarLY na sa bayani a kan nota) ɗaya, ku karanta kuskuren farko kawai, sauran 'ya'yansa ne. Wanda dumsor (ɗaukewar wuta) ya katse wa saukewa, ya sake daga farko.