Kurakuran da aka fi yi a yawon fadamar kadoji da gandayen bayi na New Orleans

Duk wanda ya sauka New Orleans a jihar Louisiana ta Amurka, ko karatu ne ya kai shi ko taro ko ziyarar 'yan uwa, ba zai kwana biyu ba sai ya ci karo da tallar tafiyar nan ta yini guda, bas ta ɗauke ka a ƙofar otal da safe, a kai ka fadama ka shiga jirgin ruwa ka ga kadoji, daga nan a wuce da kai ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen rake da ke bakin kogin Mississippi, a dawo da kai da yamma. Tafiya ce da nake so duk ɗan Afirka da ya je garin ya yi. Amma gaskiya mutane da yawa suna biyan kuɗinsu su dawo da gajiya da hotuna kawai, saboda wasu kurakurai da tun wajen yankar tikiti ake yinsu.

Babban cikinsu shi ne mutum ya biya ba tare da ya tambayi wane gandu za a kai shi ba. Yana ganin ai duk ɗaya ne, tsohon gida ne mai ginshiƙai. Wallahi ba ɗaya ba ne. Gandun Oak Alley da ke garin Vacherie shi ne wanda hotonsa ya fi yawo, manyan bishiyoyi 28 a jere sahu biyu tun daga ƙofar gida har wajen kogi, gidan kuma an gama shi a 1839, kuma yawancin kamfanoni can suke kai mutane saboda shi baƙi suka sani. Akwai ɗakunan bayi da aka sake ginawa a wurin da bayani a cikinsu, amma da ƙafarka za ka je, zagayen da ɗan jagora yake yi da ku na babban gida ne. To sai ka ga an fito daga gidan kowa ya ruga ƙarƙashin bishiyoyi ɗaukar hoto, lokaci ya ƙare, direba yana kira, ba a leƙa ɓangaren waɗanda suka yi bulon gidan da hannunsu ba. In Oak Alley aka kai ka, fara da ɗakunan bayin kafin lokacin shigarka babban gida ya yi, hoton bishiya ba ya cin minti biyar. A nan ne wani bawa mai kula da lambu da ake kira Antoine ya yi nasarar yi wa bishiyar pecan, wadda ake cin 'ya'yanta kamar gyaɗa, aure a 1846, aikin da ya buɗe hanyar nomanta don kasuwa, kuma sau tari baƙi suna barin wurin ba su ji sunansa ba.

Gandun Laura, shi ma a Vacherie yake, gida ne na masu jin Faransanci da aka gina a 1805, kuma zagayensu na labari ne, daga takardun iyalin gidan suke ba da shi har da sunayen bayin da abin da ya same su. Ɗakunan bayin nan na asali ne, kuma ma'aikatan rake sun ci gaba da zama a cikinsu har shekarun 1970, wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani. A yankin nan ne kuma aka rubuta tatsuniyoyin zomo da kura da mutanen Senegambiya, wato yankin Senegal da Gambiya, suka tsallaka teku da su a ka.

Amma in ni za ka tambaya, kuma gandu ɗaya kawai za ka iya gani, Whitney za ka nema. An buɗe shi a matsayin gidan tarihi a Disambar 2014, kuma tun daga ƙofa labarin bayi ake bayarwa, babban gidan a ƙarshe ake zuwa masa. Masanin tarihin da ya jagoranci bincikensu, Ibrahima Seck, ɗan Senegal ne. Akwai bango mai sunayen mutum sama da 350 da aka bautar a gandun, akwai wani fili na tunawa da yara 2,200 'ya'yan bayi da suka mutu a wannan yanki, sannan akwai dogayen alluna na dutse masu ɗauke da sunaye kusan 107,000 daga kundin da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara na bayin Louisiana. Turawan Faransa da na Sifen suna rubuta ƙabilar bawa a takardun ciniki da na rabon gado, shi ya sa a kundin nan ake samun Wolof da Bambara da Mandingo da Fulani da Yarbawa da Igbo da mutanen Kongo, kuma akwai Hausawa a ciki. E, Hausawa. Ba su kai na Senegambiya ko Kongo yawa ba amma suna nan a rubuce, mutanen da aka bi da su ta kudu har bakin teku suka ƙare rayuwarsu suna saran rake a gefen Mississippi. Mu da muka san tarihin rinji a ƙasarmu bai kamata mu shiga irin wurin nan muna shewa da bidiyon rawa ba. Ka rage murya, ka karanta sunayen, in addu'a ta zo maka ka yi. Kuma ba kowane kamfani ne ke haɗa Whitney da fadama ba, sai ka duba sunan a jikin tikitin da idonka, ka kuma duba ranar da suke rufewa a mako.

Kuskure na biyu yana manne da na farko, shi ne ɗaukar fadamar a matsayin wasa, gandun kuma a matsayin darasi, kamar ba abin da ya haɗa su. Ai ƙasa ɗaya ce. Gandayen nan dogaye ne sirara, gabansu kogi, bayansu fadama, bayi ne suke shiga ruwan nan su saro bishiyar cypress ta gini da itacen da ake dafa ruwan rake da shi a manyan tukwanen ƙarfe lokacin girbi daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, aiki ba dare ba rana. Kuma cikin fadamar ne waɗanda suka gudu suke ɓuya su kafa zango, irin su Jean Saint Malo da aka kama aka rataye a New Orleans a 1784. A Janairun 1811 ɗaruruwan bayi ƙarƙashin wani bawa mai suna Charles Deslondes suka tashi daga wajen garin LaPlace suka nufi birnin, aka murƙushe su, aka yi wa wasu shari'a a gandun Destrehan, aka tsire kawunan waɗanda aka kashe a kan sanduna a bakin kogi don tsorata saura. Yankin da bas ɗinka za ta ratsa kenan. In ka riƙe wannan a ranka, kallon da za ka yi wa ruwan daban ne, kuma kar ka ji nauyin tambayar mai tuƙa jirgin, wasunsu sun san labarin sosai, kawai ba a tambayarsu ne.

Sai zaɓen jirgi. Iri biyu ne, akwai mai ƙatuwar fanka a baya wanda yake gudu a saman ruwa, akwai mai rumfa da benci wanda yake tafiya a hankali. Matasa duk mai fanka suke so saboda bidiyon da suka gani, ba laifi, yana da daɗi kuma yana shiga inda ruwa ba zurfi, amma ƙararsa sai an ba ka abin toshe kunne, in yana gudu ba ka jin bayanin kowa, ba rumfa, rana a kanka take in an yi ruwa kuma ka jiƙe sharkaf. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da mai ciwon baya ko wuya da ƙananan yara a cikinsa, to kar ka biya wa iyali duka sai kun je bakin ruwa a ce Hajiya da yaro ba za su hau ba. Mai tafiya da iyaye ko yara, mai rumfa ya fi masa. 'Yan uwa mata a ɗaure mayafi da kyau ko a sa hijabi mai zama, maza hula ta shiga jaka, iskar fankar nan ba ta barin komai.

Fadamar ma ba ɗaya ba ce. Honey Island tana gabas wajen Slidell a kan kogin Pearl, daji ne sosai har da aladun daji, amma ta yi hannun riga da gandayen da suke yamma, in aka haɗa maka su rabin yininka a mota zai ƙare. Manchac da ke kusa da LaPlace ita ce a kan hanyar gandayen. Barataria tana kudu, wajen Lafitte. Ka buɗe taswira a waya kafin ka biya.

Wani abin da yake ɓata wa mutane rai shi ne zuwa da sanyi a ce sai an ga manyan kadoji. Louisiana tana da kadoji sama da miliyan 2 a daji, amma dabba ce da zafin jikinta yake bin na gari, in sanyi ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu sai su daina cin abinci su lafe a rami ko cikin laka, sai dai in rana ta buɗe ka ga ƙanana sun fito shan hantsi. Lokacin nan na tsuntsaye ne, har gaggafar nan mai farin kai ta tambarin Amurka ana gani. Mai son kada ya zo daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu sun fi daɗi, Yuli da Agusta kuwa zafi ne mai gumi, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba, namu busasshe ne, nasu zufa ba ta bushewa a jiki sam, sai ka riƙe ruwa da yawa ka zaɓi jirgin safe domin hadari da yamma yake haɗuwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne, sai ka tambayi yadda ake mayar da kuɗi in an soke tafiya.

A cikin jirgi kar ka sa hannu a ruwa, kar ka miƙa waya waje don hoto, a riƙe yara. Wasu masu jirgin suna jefa wa kadoji alewar nan fara mai laushi don su matso, ni dai abin ba ya burge ni ko kaɗan, saboda yana koya wa dabbar cewa inda mutum yake akwai abinci, kuma kadan da ya saba da mutane shi ake ƙarewa da kashewa. In akwai kamfanin da ya ce ba ya ciyar da su, shi ya cancanci kuɗinka ko da za ka ga kadoji kaɗan.

Maganar abinci kuma dole a yi ta. Girkin yankin nan naman alade ya ratsa shi, miyarsu ta gumbo da dafa-dukansu na jambalaya da wake da shinkafarsu kusan duk da tsiran alade ake yi wanda suke kira andouille, LaPlace ma da shi ta yi suna. Cewa "na kaza ne" ko "na kifi ne" bai wadatar ba, ka tambaya ko akwai alade a romon. Abin shan nan mai na'ana'a da ake sayarwa a gandaye, mint julep, da giya ake haɗa shi, haka miyar da ake zuba wa wasu kayan zaƙin. Soyayyen tarwaɗa ko jatan lande cikin burodi ya fi sauƙi, ko kuma ka taho da guzurinka daga gari, don ba kowane tikiti ne ya haɗa da abincin rana ba kuma lokacin cin ma ɗan kaɗan ne. Tafiyar takan ci awa 7 zuwa 9, azahar a hanya za ta same ka, wani lokaci har la'asar, to ka yi alwala a gandun inda akwai banɗaki mai kyau, ka sa 'yar darduma a jaka, sai dai ka duba ciyawar kafin ka shimfiɗa saboda jajayen tururuwan nan masu cizo kamar wuta.

Wasu don rage kuɗi sai su kira Uber ya kai su gandu. Zuwa ba wuya, tafiyar kamar awa ɗaya ce, dawowar ce matsala saboda ƙauye ne, za ka iya daɗewa ba ka samu mota ba. Ko dai bas ɗin kamfani ko motar haya da za ka tuƙa da kanka. In bas ce, ka sani yawanci otal-otal na tsakiyar gari kawai suke bi, in masaukinka a gefe yake sai ka je inda suka ce, kuma ka riga lokacin, ba sa jira. Ka riƙe 'yan daloli a hannu na tukwicin direba da mai jirgi, a can al'ada ce kuma da shi suke cike albashi. Kar kuma ka sa jirgin samanka a yammacin ranar, cunkoson hanyar dawowa ba shi da tabbas.

In kana da kwana biyu, raba su ya fi, domin Whitney kaɗai tana son awa biyu cur, kuma tafiyar haɗin ba kullum take ba ka hakan ba. Rana ɗaya ka yi gandu biyu, Whitney da Laura suna kusa da juna, washegari ka yi fadama da sassafe. Wanda aljihunsa bai kai na jirgi ba ya je Barataria Preserve, gwamnatin tarayya ce ke kula da wurin, shiga kyauta ne, akwai hanyar katako da aka shimfiɗa a kan ruwa kana takawa cikin bishiyoyin, kuma da ɗumi ana ganin kadoji da kunkuru a gefen hanyar, sai dai ka duba shafinsu tukuna don wani lokaci ana rufe wasu hanyoyin saboda gyara.