Darasi na 7: Idan Wani Tunani Ya Faɗo Muku Kuna Tsakar Rubuta Insha'i

Kafin ku fara, ku rubuta kan maganar a saman shafi da manyan baƙaƙe, ku ja masa layi a ƙarƙashi. Sannan ku ajiye wata takarda dabam a gefen littafinku, domin a kanta za ku riƙa ajiye duk tunanin da ya zo ba a lokacinsa ba.

Mu ɗauka an ce ku yi rubutu a kan "Noman Gyaɗa a Ƙasar Kano". Kun yi bayanin sharar gona da shuka, kun kuma ambaci cewa isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta buɗe wa gyaɗa hanyar zuwa Legas, har daga baya aka riƙa jera buhuna ana yin dala. Duk wannan yana cikin batu. Amma da an ambaci jirgi, sai mutum ya tuna wata tafiya da ya taɓa yi, daga nan ya shiga zancen tsadar kuɗin mota, a wayi gari shafi ya cika babu gyaɗa a cikinsa.

Wannan ba alamar rashin basira ba ce, ga kowa yana faruwa. Abin yi shi ne, da zarar kun sa aya a ƙarshen jimla, ku ɗaga biro, ku dubi saman shafi, ku karanta kan maganar. Ku tambayi kanku: jimlar da zan rubuta yanzu, a kan gyaɗa take? Idan a kanta take, ku ci gaba. Idan ba a kanta take ba, ku rubuta ta a takardar gefe da kalma biyu ko uku, misali "tafiyar jirgi", ku koma gonarku. Bayan jimla ta gaba ma ku sake duba saman shafi, haka kuma bayan wadda ke biye mata.

Na sha faɗin wannan a aji, amma har yanzu wasunku sai sun cika shafi suke waiwayar kan magana. Hakan bai dace ba, domin ɗaga ido a dubi layi guda ba ya cin lokaci. A duba bayan kowace jimla.

Aiki: Ku rubuta jimla 8 a kan yadda ake yin ƙuliƙuli. Ku zo da takardar gefenku tare da littafin, zan duba duka biyun.