Yadda Ake Shirya Wa Yaro Azumi Da Sallah A Makarantar Gwamnati A Amurka

Shekarar da babbar 'yata ta fara cikakken azumi tana aji shida, sai da aka kai azumi tara kafin na san halin da take ciki. Kullum da tsakar rana a kwashi ajinsu zuwa ɗakin cin abinci, ta zauna a ƙarshen benci ta haɗa hannu a cinya, ƙanshin soyayyen dankali ya cika wurin, ƙawayenta suna miƙo mata nasu suna tambaya ko ba ta da lafiya. Ba ta taɓa faɗa mini ba, kun san kawaicin yaranmu. Da na je makarantar raina a ɓace, malamar ajin ta ce babu wanda ya gaya mata yarinyar tana azumi. Kuma gaskiyarta. A gida gari ne gaba ɗaya ke azumi, ba sai an yi wa kowa bayani ba. A nan in ba ku buɗe baki ba, babu wanda zai sani.

Abu na farko, tun cikin Rajab ku ɗauko kalandar makaranta ku jera ta da ta Musulunci. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka tsarin bara ba lallai ya yi aiki bana ba. Ku duba ranakun jarrabawa, fita yawon buɗe ido da gasar wasanni da suka faɗo cikin watan. Makarantun gwamnati na birnin Niyok suna rufewa ranar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah tun shekarar karatu ta 2015, amma kwana ɗaya ne kacal, kuma da lissafi ake sa ranar tun kafin shekara ta fara. Makarantun cata (charter), wato waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma wasu ne daban ke gudanar da su, suna da tasu kalandar daban, a wasu jihohin kuma babu hutun sam.

Daga nan ku zauna da yaron kafin ku je wa kowa. Ni a wurina wannan ya fi komai. Wani yana son duk ajin su sani, har ya tashi ya yi musu bayanin sahur da buɗa baki. Wani kuwa ba ya son a ko kalle shi. Ku tambaye shi wane lokaci ne ya fi jin jiki, wane malami yake sakewa da shi. Wanda bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, ba laifi ya yi na rabin yini ranakun makaranta, ya cike Asabar da Lahadi. Kada mu ɗora wa ɗan shekara takwas abin da addini bai ɗora masa ba don kawai a ce ɗan wance ya kai talatin.

Sai rubutu. Maganar bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara iska ce ke tafiya da ita. Ku aika imel ga malamin aji, ku sa shugaban makaranta a ciki, mako uku ko huɗu kafin a ga wata. Gajere ya isa: ranar da ake sa ran farawa da gamawa, cewa daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana ba ci ba sha, har ruwa (wannan na ruwan shi ke ba su mamaki), sannan ainihin abin da kuke roƙo. Wanda Turanci ke ba shi wahala kada ya ji nauyi. Makarantun birnin Niyok suna da jami'in hulɗa da iyaye, kuma suna samar da tafinta kyauta in an nema.

Me za a roƙa? Wurin zama lokacin cin abinci shi ne mafi sauƙi: laburare, ko ajin wani malami da zai sa musu ido. In kun san wasu iyaye Musulmi, 'yan Senegal ne ko Bangaladash ko Yaman, ku haɗa kai, domin ware malami ɗaya saboda yara goma ya fi sauƙi a kan yaro ɗaya. Darasin motsa jiki kuma kada ku ce a cire shi gaba ɗaya, da wuya a yarda tunda yana cikin manhaja. Ku ce a sassauta, tafiya maimakon gudu, gwajin gudu mai nisa a ɗaga shi zuwa bayan Sallah. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar: a 2010 wata sakandare a Dearborn ta jihar Michigan ta mayar da atisayen ƙwallonta cikin dare saboda yawancin 'yan wasan suna azumi.

Batun salla yana son lissafi. A ƙarshen Fabrairu azahar tana shiga a Niyok da sha biyu da 'yan mintuna, la'asar uku da wani abu, wanda gidansu ke da nisa kafin ya iso lokaci ya ƙure. Ranar Lahadi ta biyu a Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya, sai azahar ta koma wajen ƙarfe ɗaya, yawancin yara su iya riskarta a gida. In dai sai a makaranta, minti goma da kusurwa mai tsabta ake nema. Tsarin mulkin Amurka ya hana makarantar gwamnati shirya ibada ko malami ya ja ɗalibai salla, amma bai hana ɗalibi yin tasa ba a lokacin da ba na darasi ba. Akwai kuma dokar 1984 da ta ce sakandaren da ke karɓar kuɗin tarayya, in ta ba ƙungiyoyin ɗalibai waɗanda ba na darasi ba wurin taro, ba za ta hana ƙungiyar addini ba. Ku saka wa yaro ƙaramar darduma da ɗan tawul a jaka. Yawancin ƙorafin da na taɓa ji ba a kan sallar ba ne, a kan ruwan alwala ne da ake bari a daɓen banɗaki.

Akwai layi biyu da nake roƙon iyaye kada su manta a wasiƙar. Ɗaya, in yaro ya galabaita, ko yana da asma ko ciwon suga, nas ta ba shi ruwa da magani ta kira ku, kun yarda ya karya. Biyu, kada malami ya zama mai gadin azumi. Budurwa tana da kwanakin da ba ta yi, kuma na san yarinyar da ta yi mako tana wuni da yunwa ba don tana azumi ba, sai don kunyar kada a tambaye ta dalili a gaban maza. A bar ta ta ci abincinta a ofishin nas ba tare da tambaya ba.

Goman ƙarshe ku kula da barci. Yaron da ya tsaya tahajjud har uku na dare ba zai gane komai a aji ba, ku bar masa dararen da washegarinsu babu makaranta.

Ranar Sallah, in masallacinku ya bi ganin wata ya saɓa da kalandar makaranta, ku aika takarda cewa yaro bai zo ba saboda ibada. A jihar Niyok wannan uzuri ne karɓaɓɓe, sai ku nemi a ba shi aikin da ya wuce shi da damar rama gwajin aji. Jarrabawar jiha da ta shiga jami'a suna da nasu ƙa'idojin daban, su kam tun da wuri ake magana.

In malami ya ƙi, kada ku yi faɗa a gaban yaron. Ku nemi ganin shugaban makaranta da kwafin imel ɗinku a hannu, in can ma ba a dace ba ku rubuta wa ofishin gundumar ilimi, ku sa ranar da kuka fara nema da amsar da aka ba ku. Tawa ba ta kai can ba. Washegarin zuwana aka buɗe wa 'yata laburare, kafin mako ya ƙare su bakwai ne ke zama a ciki.