Yadda ake kai wa mutum bishara baki da baki a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi

Duk rani in an gama kai amfanin gona gida majami'unmu kan shirya fita bishara, a ɗauko ganga da lasifika, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa su sa anko a tahi Ribah ko Dirin Daji ko Mahuta a kwana ana waƙa ana wa'azi, kuma ni ban raina wanga aiki ba ko kaɗan, Allah na aiki da shi. Amma ka zauna ka tambayi waɗanda ke cika bencin cocinku ran Lahadi wa ya kawo su, za ka ji wani ya ce yayana ne, wani ya ce abokina da munka yi golmo tare, wato noman da samari ke yi wa iyayen budurwa kafin aure, wata ta ce wata mama ce a zumuntar mata da ta riƙa zuwa duba ni lokacin da nake jego. Haka Andarawus ya yi a Yahaya sura 1, bai tara jama'a ba, ɗan'uwansa Siman ya je ya nemo. To wanga shi nake so mu koya, mutum guda da mutum guda, kuma ba sai ka je makarantar Baibul ba.

Da farko ka san wa kake nema. Ɗauki biro ka rubuta sunan mutum biyu ko uku waɗanda kun riga kun saba, ka sa takardar cikin Littafi Mai Tsarki naka, kullum da asuba ka kira sunansu gaban Allah. Kada ka fara da baƙo a tasha. Fara da ƙaninka da ya bar zuwa sujada tun da ya fara kabu-kabu, ko kawunka da har yau yake riƙe da gargajiya, ko maƙwabcin nan mai suna Bitrus ko Ishaya wanda in ban da Kirsimeti da biki ba ya taka ƙofar coci. Irin waɗannan suna da yawa cikinmu kuma mun manta da su don sunansu na Kirista ne. Ga kuma 'yan'uwan da 'yan bindiga sunka koro daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba, suna nan cikin gari a ɗakunan haya da kangaye, wasu ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masu ya haƙuri.

Na biyu gajere ne amma in babu shi sauran banza. In yana bin ka bashi, biya shi tukuna. In kun yi faɗa kan iyakar gona, je ka shirya da shi. A garinmu kowa ya san kowa, mutumin da ya gan ka jiya a gidan burkutu ba zai saurari maganar tuba daga bakinka yau ba.

Sai tahiya. Zumunta a ƙafa take, waya ba ta isa ba. Zaɓi lokacin da mutum ke da sarari, ba ranar kasuwa ba, ba da safe da damina yana ɗaure da fartanya zai wuce gona ba, in ma gonar ce to bi shi ka kama masa kunya biyu, magana za ta zo da kanta a gindin itace lokacin shan kunu. Ka yi sallama, in dattijo ne ka durƙusa ka ce Baba an wuni lahiya, ya iyali, ya ruwa, ya jikin Inna, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare kada ka yanke ta don kana sauri ka buɗe Littafi. In an kawo ruwa ka sha. Namiji ya je wurin namiji, mace wurin mace, in kuwa dole ne ka shiga gidan matar aure to da sanin maigidan kuma ku zama ku biyu, ko Yesu ma biyu-biyu ya aiki almajiransa. In tsohon ya fi sakewa da Dakarci ko Dukkanci ko Kambarci kuma ka iya, yi masa da harshensa, zuciya ta fi buɗewa a nan.

Nan ne wurin da mafi yawanmu ke kuskure, mun cika son magana. Ziyarar farko, har ta biyu ma, kunne za ka kai ba baki ba. Duba Yahaya sura 4, Yesu da kansa ruwan sha ya fara roƙa wurin matar Samariya, ya bar ta ta yi ta tambaya har ta kawo zancen inda ya kamata a yi sujada. Filibus ma a Ayyukan Manzanni sura 8 tambaya ya fara yi wa mutumin Habasha ko yana gane abin da yake karantawa cikin littafin Ishaya, daga inda mutumin yake ya ɗauko zancen. Kai ma tambayi naka, me ya hana shi zuwa coci, me ke hana shi barci. Wani zai ce maka an wulaƙanta shi ne lokacin aurensa, wani yana tsoron maita da sammu shi ya sa layar ke ƙugunsa, wata ɗanta anka ɗauke sunka sayar da shanu da gona sunka biya fansa kuma har yau tana tambaya ina Allah yake ranar. Irin wannan matar ba aya goma take bukata a ranar ba, ɗan'uwa, ka zauna ka yi shiru da ita, in hawaye ya zo maka ka bar shi, sannan ka ce Mama ko in yi addu'a? Da wuya ka ji an ce a'a. Ka yi gajeriya, ka ambaci abin da ta faɗa maka, ba wadda ka haddace ba.

Ranar da ƙofa ta buɗe, wato ya tambaye ka ko ya ba ka dama, faɗi labarinka tukuna, yadda kake da, yadda Almasihu ya same ka, abin da ya canza, cikin minti kaɗan kuma ba ƙarin gishiri, ba sai ka ce ka taɓa zama ɗan fashi ba kafin shaidarka ta yi daɗi. Daga nan sai bisharar kanta. Ni ayoyi huɗu na Romawa nake ba matasa su riƙe: 3:23 cewa dukanmu mun yi zunubi, 6:23 cewa sakamakon zunubi mutuwa ne amma kyautar Allah rai madawwami ce, 5:8 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, sai 10:9 kan shaidawa da baki da gaskatawa a zuciya cewa Allah ya tashe shi daga matattu. In ya iya karatu miƙa masa ya karanta da bakinsa, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba mu da hujjar riƙe shi a hammata muna ba da labari da ka. In bai iya ba, labarin ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 ya isa, ba dattijon da ke da ɗa a Legas ko Abuja da ba zai gane shi ba. Kana iya tura masa karatun murya ta Bulutut ko ka sa masa a memori ya riƙa ji a gona.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, tare munka tashi, wasu uwa ɗaya uba ɗaya, suna kawo muna naman Sallah muna kai masu shinkafar Kirsimeti. In abokinka ya tambaye ka me ya sa kuke cewa Ɗan Allah, ko wa ya mutu a kan gicciye, amsa masa abin da ka gaskata a natse da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya, in ba ka sani ba ka ce zan tambayo Fasto in dawo. Amma kada bakinka ya taɓa Annabinsu ko Alƙur'ani da mugunyar magana, ko a zaure ko a Facebook ko a guruf na WhatsApp, haramun ne gare ka ta fuskar ƙauna kuma wuta ce da za ta ci waɗanda ba su ji ba su gani ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe addininsa da canza shi da yaɗa shi, gaskiya ne, amma ka tuna tun 2000 Zamfara ke aiki da shari'ar Musulunci Kebbi ma ta bi baya, zancen addini a nan ba abin wasa ba ne. In ka ga hira ta koma gardama jama'a sun fara taruwa, yi sallama cikin mutunci ka tashi. Yaran mutane kuwa kada ka ja su gefe ba da yardar iyayensu ba.

Kuma don Allah kada a haɗa bishara da buhun masara. In mutum na jin yunwa ba shi don yana jin yunwa, ko ya zo coci ko bai zo ba, kada ka ce masa in ka tuba za a biya maka kuɗin makaranta.

In ya ce yana so ya bi Yesu, kada ka yi sauri ka ce maimaita bayana. Tambaye shi me ya gane, ka bar shi ya yi addu'a da kalmominsa ko da guntaye ne. Kada ka ɗauki hotonsa ka sa a intanet kana cewa mun samu rai guda, kai za ka sha yabo shi kuma a kore shi daga gida ko a raba shi da matarsa, shi ne zai zaɓi ranar da zai faɗa wa danginsa. Ka gaya wa Fasto ko dattijon ikilisiya guda mai riƙe sirri. Ran Lahadi kada ka ce masa sai mun haɗu a coci, biya ta gidansa ku tahi tare ku zauna benci ɗaya, ka buɗe masa Littafin Waƙoƙi, in an tashi ka kai shi wurin mai koyar da ajin baftisma. Sannan ku tsai da rana guda a sati ku riƙa karanta Markus tare sura-sura, don ita ce gajeriya cikin bishara huɗu, sura 16 ce kawai. Wanda kuma ya ce a'a, sunansa na nan cikin takardarka, ranar sunan ɗansa ko rasuwa a gidansu kai ne na farkon zuwa.