Yadda ake haɗa kayan wanka da na shafa idan da jakar hannu kawai za a yi tafiya

Duk wanda ya saba bin layin bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja ya sha ganin yadda ake raba mutane da manyan robobin man shafawa da kwalaben turare. Yawanci sababbin matafiya ne, masu zuwa Umara ko saro kaya Dubai, waɗanda aka ba su shawarar su rage kaya, sai suka tattara duk abin da ke banɗakinsu suka cusa a jakar hannu. Ita kuwa jakar hannu yawancin kamfanonin jirage kilo 7 ko 8 suke yarda da ita. Idan sabulu da mai suka cinye kilo biyu, ina za ka sa tufafi?

Fara da zube kayan gaba ɗaya a kan gado, ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka: idan na sauka, zan samu irinsa a kantin da ke kusa da masauki, kuma jikina zai karɓe shi? Duk abin da amsarsa "eh" ce, ajiye shi a gida. Man wanke gashi, babban man goge baki, omo, tishu, reza, audugar mata, duk duniya ana sayar da su. A Makka akwai babban kantin Bin Dawood a ginin dogon agogon nan da ke gaban Harami, ga shagunan magani na Nahdi da Al-Dawaa ko'ina. A Dubai akwai manyan kantunan Carrefour da Lulu. Na san idan mutum ya juya riyal zuwa naira sai gabansa ya faɗi, kuma shagunan da ke manne da Harami sun fi na cikin unguwa tsada, amma ka kwatanta da abin da za a caje ka idan jakar ta wuce kilo aka ce sai an kai ta awo. Aswaki kuwa, wanda ya ɗauke shi daga Kano zuwa Makka wahalar da kansa kawai ya yi.

Abin da ba a bari a gida shi ne wanda ba ka da tabbacin samu. Soson wanka irin namu mai tsawo, wanda ake cuɗa baya da shi, ba nauyi gare shi ba kuma da wuya ka gan shi a kantunansu. Haka man kaɗanya, sabulun salo, da man kitso ga mata, domin kayan gashin da ke kantunan Larabawa da na Sin ba don irin gashinmu aka yi su ba. Masu zuwa birnin Guwanzu na ƙasar Sin su ƙara kula: mayukan shafawa da yawa a can na ƙara hasken fata ne, rubutun jikin robar kuma da Sinanci, sai ka shafa abin da ba ka nufa ba. Turaren hammata ma ba ko'ina ake samunsa ba, tafi da naka.

Yanzu ga inda akasarin mutane ke yin asara. Tun shekarar 2006, bayan da aka bankaɗo wani shiri a Landan na tayar da bam a jirage da sinadarai masu ruwa-ruwa, aka kafa dokar cewa duk wani abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. A lura, mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Robar da aka rubuta 400 a jikinta, ko da ɗan cokali ɗaya ne ya saura a gindinta, karɓewa za a yi. Roƙo ba ya aiki a nan, "wallahi ya kusa ƙarewa" ma ba ya aiki. Sannan dukkan ƙananan robobin sai sun shiga leda guda mai bayyana abin da ke ciki, mai zif, wadda ba ta wuce lita ɗaya ba, kusan santimita 20 tsawo da faɗi. Mutum ɗaya, leda ɗaya.

Kuma "mai ruwa" a wajen jami'an nan ya fi yadda muke ɗauka faɗi. Man goge baki yana ciki, basilin yana ciki, turaren fesawa, humra, duk abin da ake iya matsawa, shafawa ko fesawa. Man kaɗanya ne ke yaudarar mutane, don da safe a gida yana nan daskare kamar sabulu, kafin a isa filin jirgi zafin mota ya sassauta shi. Kada ka tsaya gardama, ɗebi kaɗan a ƙaramin gwangwani mai murfin murɗawa ka sa a ledar. Cikin gwangwani ɗaya ya ishe ka mako biyu, har da shafa tsakanin cinyoyi saboda saɓar da tafiyar ɗawafi da Safa da Marwa ke jawowa. Sabulun salo mai laushi shi ma a yanka shi a shanya ya bushe tukuna. Ni dai ban yarda da sabulun ruwa a tafiya ba sam. Sabulun sanda ba ya cikin lissafin ledar, ba ya zubewa, a nan ka samu wuri kyauta.

Wajen ɗura mai a ƙananan robobi, kada ka cika su har baki. Idan jirgi ya yi sama iskar da ke cikin robar tana kumbura ta turo man waje. Ka bar ɗan fili, ka matse robar kaɗan iskar ta fita, ka yanko 'yar leda ka shimfiɗa a bakin kafin ka murɗa murfin. Masu murfin ɓallewa su ne suka fi ɓata wa mutane fararen kaya. Ba sai ka sayi sababbin robobi ba. Na otal da aka taɓa kawowa, a wanke su tas, sun wadatar. Ka rubuta sunan abin da ke ciki a jiki. Ledar kuma ta zauna a aljihun saman jaka, yadda za ka zaro ta ba tare da ka zazzage kayanka a gaban jama'a ba.

An fara sassauta wannan doka a wasu filayen jirgin Turai da suka sa sababbin na'urori, amma kada ka dogara da hakan. Idan za ka ya da zango a Adis Ababa, Alƙahira ko Doha, ana iya sake bincikenka a can, kuma dokarsu za a bi.

Mai zuwa Umara ya tanadi ƙaramin sabulu marar ƙamshi tun daga gida, tunda da zarar an ɗaura harami an rabu da turare, kuma ba lallai ka samu sararin shiga kanti kafin ka gama ibadar ba. Ɗauki abin da zai kai ka kwana biyu, sauran ka saya can. Tsirarar reza ba ta wucewa a jakar hannu, babban almakashi ma haka. Magani kuwa a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, musamman masu ɗauke da tiramadol ko kodin, domin Saudiyya, Masar da Daular Larabawa ba sa wasa da su.

Ranar dawowa, ragowar manyan robobin da ka saya ka bar wa masu share ɗaki ko wani ɗan'uwa da bai gama kwanakinsa ba. Turaren tsaraba da ya wuce mililita 100 da ruwan Zamzam duka sai ta awo, don haka idan ka san za ka sayo su, ka duba ko tikitinka ya haɗa da jakar awo tun kafin ka biya.