Wace manhajar imel za ka sa wa Debian (wani nau'in Linux) ɗin da ka girka ba tare da ƙarin manhajoji ba?

Kafin ka zaɓa, ka tambayi kanka: wannan kwamfutar za ta karɓi saƙo daga waje ne, ko aikawa kawai za ta yi? Galibin ƙananan sabar aikawa kaɗai suke buƙata. Cron na turo rahoton aikin da ya gudana, smartd na gargaɗi idan faifai ya fara lalacewa, mdadm na sanar da matsalar RAID (haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya). Akasari ta /usr/sbin/sendmail suke bi, kuma idan babu manhajar da ta samar da shi, gargaɗin ba zai iso gare ka ba.

Zaɓin Debian na asali shi ne Exim4. Yana aiki sosai, amma ya yi wa wannan buƙatar girma, haka ma Postfix. Ni dai dma nake ba da shawara, ƙaramar manhajar aika imel da ta fito daga tsarin aikin kwamfuta na DragonFly BSD. FreeBSD ma ta maye gurbin Sendmail da shi a fitowar 14.0 ta shekarar 2023. Shi dma ba ya sauraron tashar 25, wadda sabar imel ke karɓar saƙo ta cikinta, don haka babu ƙofar da ka buɗe wa ɓarayin intanet. Kuma yana ajiye saƙo a layi idan intanet ta yanke. A nan ne ya fi msmtp, wata ƙaramar manhajar aikawa irinsa: shi msmtp ba ya ajiyewa, in aikawa ta gaza a lokacin, saƙon ya tafi ke nan.

Ka girka da apt install dma. Idan akwai Exim4, apt zai cire shi, domin biyun ba sa zama tare.

A /etc/dma/dma.conf ka sa SMARTHOST da sunan sabar mai ba ka imel, PORT 587, sannan ka kunna SECURETRANSFER, STARTTLS da AUTHPATH /etc/dma/auth.conf. Cikin auth.conf layi ɗaya ne: suna|sabar:kalmarsirri. Mallakarsa ta zama root:mail, izini 640. In Gmail ne, kalmar sirrinka ta kullum ba za ta yi ba. Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja.

Kada ka yi ƙoƙarin aikawa kai tsaye ta tashar 25. Kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta, kuma ko saƙon ya fita, manyan masu karɓa kan ƙi shi ko su jefa shi cikin tarkacen saƙonni.

Abin da aka fi mantawa shi ne /etc/aliases. Ka rubuta root: sannan adireshinka na gaske, in ba haka ba rahotanni za su taru a /var/mail ba mai karantawa. Idan sabar ta ƙi saƙo saboda adireshin mai aikawa, ka sa MASQUERADE da adireshin da ka shiga da shi.

Gwaji: printf 'Subject: gwaji\n\ngwaji\n' | /usr/sbin/sendmail root. In bai iso ba, mailq zai nuna abin da ya maƙale, journalctl kuma ya faɗi dalili.

Idan kuwa kwamfutar za ta karɓi imel na wani yanki (domain, wato sunan da ke bayan @ a adireshi), dma ba zai iya ba. Postfix ko Exim4 za ka ɗauka, tare da bayanan MX (masu nuna sabar da ke karɓar imel ɗin yankin), SPF da DKIM (masu tabbatar da cewa saƙo daga yankin ya fito).