Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da aikin da yake yi a hanji

Idan gudawa ta kama yaro, abin da ya fi saurin kayar da shi shi ne ƙarewar ruwan jiki. In akwai ƙullin ORS na kemis, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari, shi ya fi, sai a bi abin da aka rubuta a jikinsa. In kuwa dare ya yi ko kemis ya yi nisa, uwargida, ga yadda za ki yi.

Ki fara wanke hannu da sabulu. Ki samu ruwa lita ɗaya wanda aka tafasa ya huce. Ledar fiya wata biyu lita ɗaya ke nan, tunda kowace rabin lita ce. Ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, gishiri rabin cokali. Kowane cokali a shafe, ki bi bakinsa da bayan wuƙa kada ya yi tozo. Ki juya har ya narke, sannan ki ɗanɗana: kada gishirinsa ya wuce na hawaye.

A wurin awon nan nake roƙon a natsu, domin na sha ganin ana ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha. Bangon hanji shimfiɗe yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace an lulluɓe ta da siririn tantani mai tace abin da zai shiga. Gishiri ba ya ratsa wannan tantani haka kawai, sai ta ƙofa. Akwai wata ƙofa da ba ta buɗuwa sai sodiyam na gishiri da gulukos na sukari sun zo tare, sodiyam biyu, gulukos ɗaya. Da sun shige, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, shi ya bayyana wannan a 1960, daga baya kuma aka gano cewa ko kwalara ba ta rufe ƙofar.

Shi ruwa, duk inda narkakken abu ya fi yawa can yake bi. Ki barbaɗa gishiri a kan yankakken gurji ki dawo bayan minti goma, za ki tarar ya yi gumi, ruwa ya taru a faranti. Haka sukari mai yawa yake yi a hanji: ya janyo ruwa daga jikin yaron, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba bai dace da mai gudawa ba.

Sai bayarwa. Da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda bai kai shekara biyu ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane bayan gida, wanda ya wuce haka rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya yi amai, ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Kada ki daina ba shi nono. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, Dakta Dilip Mahalanabis ya yi amfani da irin wannan haɗin a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya lokacin da ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Amma idan idon yaron ya faɗa, ya kasa sha, ya daina fitsari, ko kin ga jini a bayan gidansa, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take, kina ba shi ruwan a hanya.